Takun Jimeta

Ranar da Othniel ya ga mutum dubu tamanin da ɗaya sun shiga shafin ƙungiyarsu a yini guda, sai da ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake dubawa. Lambar tana nan yadda take. Bai yi mamaki ƙwarai ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati yana jiran duniya ta gane darajarsa, har ya yi ritaya ba ta gane ba. To ga shi yanzu ta gane, a makare, kamar yadda komai ke isowa Jimeta.

Ƙungiyar ta masu wasan Go ce. Wanda bai san wasan ba ba shi da laifi, don ko maƙwabtan Othniel darar Koriya suke ce masa. Katako ne mai layi goma sha tara a tsaye, goma sha tara a kwance. Mutum biyu ke yi, ɗaya da baƙaƙen 'ya'ya, ɗaya da farare, kowa na ƙoƙarin kewaye fili. Idan aka zagaye maka 'ya'ya aka toshe musu hanya, an cinye su ke nan, sai fa idan sun bar wa kansu ramuka biyu a ciki, waɗanda ake kira idanu. Mai ido biyu ya rayu. Mai ido ɗaya ya mutu, ko da kwamishina ne ya zuba 'ya'yan. A wasu ƙasashe da duwatsu masu santsi ake wasan. A barandar Othniel da maɓallan riga ake yi, waɗanda ake sayowa wajen masu kayan tela a kasuwa.

A takarda membobin talatin da ɗaya ne. Masu zuwa ranar Asabar bayan la'asar ba su wuce tara, sai dai idan an ji labarin matar Othniel ta dama kunun gyaɗa. Sauran sun warwatsu, wasu a Mubi, wasu a Numan da Kaduna, ɗaya har Fatakwal, kuma shafin intanet ɗin ne ya riƙe su. Tun 1994 Othniel, a matsayinsa na ciyaman da ba a taɓa sake zaɓa ba kuma ba a taɓa saukewa ba, yake rubuta kowane wasa a littafi, taku bayan taku, da sharhinsa da jan biro. Wasa dubu huɗu da ɗari biyu da sha biyu. 'Yar ƙanwarsa Keturah, wadda ke aikin kwamfuta a Sangere, ita ta kwafe su duka ta ɗora a intanet. Shekarar da ta gama, kogin Binuwai ya shigo unguwa ya mai da littattafan kunu.

Ranar Litinin Keturah ta haye gada a keke ta iso gidan, ta tarar kawunta ya riga ya rubuta jawabin godiya shafi uku.

"Kawu, ajiye takardar nan tukuna. Ba mutane ba ne."

"Su wa?"

"Dubu tamanin ɗin. Injuna ne. Na'urori ne da manyan kamfanoni ke sakewa su yi ta yawo a intanet suna kwashe duk rubutun da suka samu, a ɗura wa kwamfuta ta koyi magana. Ba karantawa suke yi ba, haɗiyewa suke."

Othniel ya dubi jawabinsa. A shafi na biyu ya gode wa al'ummar Japan.

"Ko mutum ɗaya babu a cikinsu?"

"Akwai goma sha huɗu. Shida daga ciki kai ne."

Ta miƙa masa wayarta. Kamfanin da ya ba shafin masauki ya aiko da saƙo: cunkoson da ke shafinsu yana danne shafukan maƙwabta, idan bai lafa ba zuwa ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a, za su rufe shi. Saƙon ya ƙare da yi masa fatan alheri, abin da ya tuna masa takardun sallama da ya sha rubuta wa mutane.

"Kada ka tayar da hankalinka," in ji Keturah. "Ina da kwafin komai a durowa."

"A durowa." Othniel ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Yarinya, ni na yi aikin gwamnati. Na san abin da ke faruwa da fayil idan ya shiga durowa. Gara a ce mini ruwa ya sake ci."

Ta ce ta gwada toshe su, amma idan ta tare su ta nan sai su sauya suna su ɓullo ta can. Ta sa musu irin tambayar nan ta zaɓi hoton da ke da mota, suka zaɓa tsaf, Albert, ɗan ƙungiya da ke Mubi, kuwa ya kira ta sau huɗu yana tambaya ko keke ma mota ce. Othniel ya ce waɗannan ba injuna ba ne, fara ce, kuma daga ranar nan fara yake kiransu.

Dabarar daga gare shi ta fito, kuma bai bari an manta da hakan ba. Ya ce a sa ƙofa a bakin shafin, wanda zai shiga sai ya warware Matsala ta Ɗaya. Kowane ɗan ƙungiya da ita ya fara. Hoto ne na kusurwar katako: baƙaƙen 'ya'ya bakwai an matse su, saura ɗan fili kaɗan, baƙi ne zai taka, ina zai sa ɗansa ya samu ido biyu? Amsar kuwa kowa ya haddace ta kamar lambar wayarsa. A tsakiyar filin ake sawa, ya raba ɗakin biyu. Wannan shi ne Takun Jimeta. Baba Laminu, wanda ya kawo wasan garin, shi ya koya wa Othniel, Othniel ya koya wa sauran, har ya rubuta ƙasida shafi arba'in a kansa, wadda aka ƙaddamar a barandarsa da lemo.

"Fara ba ta zauna gaban Baba Laminu ba," in ji shi. "Sau ɗaya a yini za ki bari a gwada. Wanda ya kuskure ya dawo gobe."

Keturah ba ta cika son wasan ba, kuma ba ta son tambayar kawunta komai, don amsarsa ba ta ƙasa da awa guda. Saboda haka da ta koma Sangere sai ta ba wata manhajar Go hoton matsalar, manhajar ta nuna mata amsa, ta sa ta a matsayin mabuɗi, ta kulle ƙofa.

Laraba da safe Othniel ya sha shayinsa, ya buɗe shafin, ya ga Matsala ta Ɗaya ta tare shi kamar tsohon aboki. Ya danna tsakiyar fili. Shafin ya ce masa bai dace ba, ya dawo gobe.

Kafin azahar membobi ashirin da shida sun kira shi. Na Fatakwal ya ce an ci mutuncinsa a gaban matarsa. Albert ya tambaya ko an yi juyin mulki ne a ƙungiya. Shi kuma ya kira Keturah ya ce ta zo yanzu, ya kira Zulaiha ma, don ya samu shaida. Zulaiha 'yar Baba Laminu ce, malamar lissafi a wata sakandare, kuma ita ce ta fi kowa iya wasan, ko da yake littafin ƙungiya ya fi ambatonta a wajen kawo tabarma.

"Faɗa mini," ya ce wa Keturah, "fara nawa ƙofarki ta tare?"

"Masu wayon cikinsu duk sun shiga, Kawu. Cikin daƙiƙa ɗaya suke warwarewa."

"Membobi fa?"

"Ɗaya ta shiga."

Zulaiha ta ɗauke kai tana kallon bishiyar dogon yaro.

Othniel ya jawo katako, ya jera maɓallai, ya buga Takun Jimeta har katakon ya yi ƙara. "To ga shi. Ido nan, ido nan. Wane ɗan banzan inji ne zai kashe wannan?"

Zulaiha ta yi ajiyar zuciya, ta ɗauki farin maɓalli, ta ajiye shi can bakin katako, a wurin da babu abin da zai same shi sai mutuwa.

"Kin ba ni kyauta ke nan," in ji Othniel, ya cinye shi nan take.

Ta sake ajiye wani a gefe. Sai ya duba ya ga wajen cinye kyautar ya cusa nasa ɗan a inda bai kamata ba, idon hagu ya zama rami kawai wanda dole ya cike da hannunsa. Ido ɗaya ya rage. 'Ya'ya bakwai, da ƙasida shafi arba'in, da lemon da aka sha, duk sun mutu a kusurwa.

Othniel ya zura wa kusurwar ido. Wata akuya ta shigo ta leƙa barandar ta fita.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Shekara shida, Ciyaman. Wani yaro ɗan Taiwan ya yi mini shi a intanet, ya kuma aiko mini da hoton fuska tana dariya."

"Kika yi shiru!"

"Na ɗaga hannu a taron shekara. Ka ce ba ya cikin ajanda, a bari sai ƙarshe. Kafin a kai ƙarshe aka kira magariba, aka tashi. Shekarar da ta biyo na sake ɗagawa, ka sa ni kwamitin tabarma."

Othniel ya tuna da taron. Har ya rubuta a littafi cewa an tashi lafiya.

Washegari Alhamis, saura yini ɗaya, ya tari keke zuwa Yola Gari. Zafin watan Afrilu ya kai inda mai keken ke tuƙi da tsumma a hannu. Ya sauka bayan kasuwa, ya bi lungu zuwa gidan Baba Laminu, ya same shi a zaure kan buzu, da rediyo a gefe ba ta aiki. Dattijon mutumin Borno ne, ya haura tamanin, ya zo Yola yana saurayi ya zama mai tsaron sito a wani kamfanin gina hanya. A can wani injiniya ɗan Koriya mai suna Pak, wanda kaɗaici ya ishe shi, ya koya masa wasan a kan murfin kwali.

Suka gaisa, aka tambayi iyali da zafi da ƙafar da ke ciwo. Sannan Othniel ya zaro maɓallai daga aljihu ya jera a kan tabarma, ya nuna masa kyautar da ke kashewa.

Baba Laminu ya sunkuya ya duba. Sai ya fara dariya, irin ta tsofaffi wadda ba ta da sauti sai girgizar kafaɗa.

"Ashe nan ne! Shekara arba'in ina tunanin ta ina zai ɓullo."

"Baba, ka san ba daidai ba ne?"

"Na yi zato. Ka ga, shi Pak haka yake koyarwa. Yau zai nuna maka taku mai kyau, ka tafi gida kana jin kai ne sarki. Gobe ya zo ya rusa shi a gabanka, ya nuna maka na gaskiya. Haka muka yi wata biyar. Ranar wata Talata ya nuna mini wannan. Laraba na zo aiki na tarar an soke kwangila, an kwashe su Pak a mota tun asuba. Ko murfin kwalin bai ɗauka ba."

"To me ya sa ka koya mana shi a matsayin Matsala ta Ɗaya?"

"Shi ne na ƙarshe da na koya, shi na fi tunawa. Kuma na ce a raina, cikin ɗalibaina wani zai rusa shi, in huta. Na koya wa 'yan kasuwa, na koya wa malamai, na koya wa ma'aikata irinka. Othniel, a cikinku wa zai ɗauki abinsa ya ba wani ya ci a banza da gangan? Kai da maɓalli ɗaya ya faɗa kwata ka sa aka dakatar da wasa har aka ciro shi."

Othniel ya ce wancan maɓallin mai kyau ne.

"Su waɗannan farar taku," in ji dattijon, "sun kwashe wasanninku duka?"

"Tas."

"Kuma duk da haka ba su yin takunmu?"

"Keturah ta ce sun karanta namu, sun karanta na sauran duniya miliyan barkatai, suka bi masu rinjaye."

"Allah sarki. Ko inji bai yarda da ku ba." Ya sake girgiza kafaɗa. "Ka sha ruwa kafin ka tafi."

A hanyar komawa Jimeta keken ya tsaya a cunkoso bayan wata tirelar shanu, Othniel yana zaune yana gumi, maganar tana yi masa yawo a kai. Ko inji bai yarda da su ba. A duk faɗin duniya, daga Koriya zuwa inda duniya ta ƙare, babu mai ganin wannan kusurwa ya sa ɗa a tsakiya sai mutum talatin da ɗaya, kuma shi ya koya wa talatin. A ma'aikata ya sha ganin an ɗauki kuskure an buga masa hatimi ya zama ƙa'ida. Bai taɓa tsammanin wata rana abin zai yi masa amfani ba.

Ya kira Keturah tun bai sauka ba.

"Juya ƙofar."

"Yaya, Kawu?"

"Wanda ya ba da amsar gaskiya, kore shi. Wanda ya yi Takun Jimeta, buɗe masa."

Sai ya ji tana dariya har wayar na kaɗawa. "Wato wanda ya iya, waje. Wanda bai iya ba, bismilla."

"Haka ake ɗaukar aiki tun kafin a haife ki. Yi abin da na ce."

Da yammar nan ta juya mabuɗin. Juma'a da hantsi suka zauna su uku a baranda, Keturah da kwamfuta a cinya, Zulaiha ta biyo daga makaranta da alli a hannun riga. Fara ta yi ta zuwa dubu-dubu, kowace ta duba kusurwar, ta ba da amsa mai kyau wadda babu malamin da zai ƙi ta, ƙofa ta ce ta dawo gobe. Albert ya shiga. Na Fatakwal ya shiga, ya aiko da saƙo cewa ya yafe. Ƙarfe goma sha biyu ta yi, ta wuce, shafin yana nan. Kamfanin ya aiko da wani saƙon yana sake yi musu fatan alheri, wannan karon ba tare da barazana ba.

"Ni fa?" in ji Zulaiha. "Yau da safe an kore ni."

"Sai ki yi abin da kowa ke yi."

"In danna wurin da na san mutuwa ce."

"Sau ɗaya a yini ne, Malama. Mu shekara talatin muna yi."

Keturah ta tambaya ko za a gaya wa membobi gaskiyar magana. Othniel ya riga ya yi wannan tunanin a keke. Yawancinsu sun haura sittin. Idan aka ce su riƙe amsa biyu, ɗaya ta ƙofa ɗaya ta katako, rabinsu za su kwana a waje. Albert kuwa ba a gama faɗa masa sirri yake kai shi Fesbuk da hotonsa a kai, fara ta karanta. Aka bar maganar a tsakanin mutum huɗu, har da dattijon Yola Gari, wanda ba ya da waya.

Ranar Asabar mutum goma sha bakwai suka zo, abin da ba a gani ba tun ƙaddamar da ƙasida. Othniel ya miƙe ya sanar cewa an samu tangarɗa daga kwamfuta, an gyara, kuma Takun Jimeta ya tabbata shi ne mabuɗin shafin har abada. Babu ƙarya ko ɗaya a jawabin, ya duba shi sau biyu. Aka tafa. Wani ya ba da shawara a sake buga ƙasidar da Turanci, Othniel ya ce ba ya cikin ajanda.

Aka yi ƙuri'a, wasan farko ya faɗo kansa da Zulaiha, shi da baƙi. Suna cikin wasa, wajen taku na sittin, kusurwar dama ta fara ɗaukar wata kama da ya sani. Ya yi ƙoƙarin kaucewa, ta matso. Ya duba sai ga baƙaƙen 'ya'ya bakwai a matse da ɗan fili a ciki, kamar an ciro su daga shafi na ɗaya. Jama'a suka taso suka kewaye katakon. Wani ya ce, "Ciyaman, nuna mata!"

Ya riƙe maɓallin a tsakanin yatsu. Yanzu ya san wurin gaskiya, wanda manhajar ta nuna wa Keturah, ga shi can a gefe, ba kyan gani, babu mai tafa masa. Ya ɗaga kai ya dubi Zulaiha. Ita ma tana riƙe da farin maɓalli, tana juya shi, kuma ya lura idonta na kan bakin katako, wurin kyautar nan.

Ya sa a tsakiya. Aka yi sowa.

Zulaiha ta daɗe tana kallon kusurwar. Ta dubi fuskoki goma sha biyar da ke kewaye da ita, kowace na murna. Ta kai hannu wajen bakin katako, hannun ya tsaya a sama, sannan ta janye shi ta ajiye maɓallin can wani gefe inda ba ya cutar da kowa.

"Ya rayu," ta ce, kamar mai haɗiye maganin zazzaɓi.

Da jama'a suka koma kan kunu, ta sunkuyo tana kwashe maɓallai ta yi ƙasa da murya. "Ciyaman, daga yau ka nemi wani a kwamitin tabarma."

"An karɓa."

Sauran katakon kuwa ba ta tausaya masa ba, ta cinye shi da tazarar da bai ga amfanin ƙirgawa ba. Ya jawo sabon littafi, ya rubuta wasan taku bayan taku don Keturah ta ɗora. Da ya iso taku na sittin da uku ya cire murfin jan biro, ya ɗan yi tunani, ya rubuta a gefe: "Takun Jimeta. Ya tsare gida."